Zare Uku a Wilin Malam Bulus

Akwai wata ƙusa a bangon shagona, sama da inda nake rataye famfo, ba komai a jikinta. Ku samarin da kuke taruwa a nan Gyadi-Gyadi ranar Asabar da safe, da hulunan kwano masu ramuka da wandunan da suka ɗame ku kamar an zuba ku a ciki, kun sha miƙa hannu za ku rataye jaka a kanta ina hana ku. Na san abin da kuke faɗa idan kun ba ni baya, wai Baba Habu ya fara rikicewa. Ɗayanku ma ya taɓa ce mini ɗaurin wilin keke ba wani aiki ba ne, ya kalla a salularsa, cikin minti goma sha biyu aka yi aka gama. A ranar bakina cike yake da goro. Yau zan ba shi amsa, in kuma gaya muku abin da ya shekara goma sha biyar a rataye a ƙusar nan.

Wilin farko da na ɗaura da hannuna na wani mai tallan burodi ne, a rumfar maigidana Malam Tanko da ke bayan kasuwar Tarauni. Sai da na shekara uku a wurinsa kafin ya bari na taɓa wili. Aikina faci ne, da wanke sarƙa da kananzir, da tsince ƙwallayen boris idan sun watse a ƙasa. Ranar da ya miƙo mini makullin waya, wani ɗan ƙarfe mai tsaga da bai fi marfin kwalba ba, ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Na zura wayoyi talatin da shida, waɗanda kuke ce wa sifok, kowacce ta gitta uku kafin ta kai bakin wili. Na yi ta ɗaurewa har azahar. Na juya wilin, ya tafi sak ba ko gezau, na fara waige-waigen wanda zai yaba mini. Malam Tanko ya karɓa, ya kwantar da shi a kan wata tsohuwar taya, ya durƙusa ya danna bakinsa da tafin hannu biyu, yana zagayawa. Sai na ji wayoyin suna ƙas, ƙas. Da ya ɗaga ya sake juyawa, wilin nawa ɗingishi yake yi kamar akuyar da ta taka ƙaya.

"Wili ba ya faɗar gaskiya ranar da aka ɗaura shi," in ji shi. "Gyara, ka rataye, ya kwana."

Ga yadda abin yake. Sabuwar waya ba ta zauna a raminta ba tukuna, kuma yayin da kake ɗaurewa tana murɗewa a ɓoye ba ka gani. Dole ka matse su bibbiyu da hannu har tafinka ya yi ja, ka danna bakin wilin, ka daidaita, ka rataye. Da safe ka sauke, ka sake dannawa, za ka tarar ya motsa. Ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana ƙyasta su da farce kana saurare, wadda ta yi sako-sako muryarta ƙasa take, wadda ta ɗame da yawa tana tsiwa. Kwatan juyi kawai ake yi da makulli, wani lokacin rabin kwata. Idan ka gama gyaran safiyar, sai ka ɗaura ɗan zare a magittar wayoyin da ke kusa da bakin iska, alamar wilin ya kwana ɗaya. Malam Tanko wurin telan da ke maƙwabtaka da mu yake tsinto guntayen zaren. Keken cikin gari zare ɗaya ya ishe shi. Keken da zai shiga daji ya kwana biyar yana dukan dutse, sai zare uku, kuma duk wanda ya hau keke a hannunmu ya san wannan. Kafin mutum ya duba taya, zaren yake fara ƙirgawa.

Tseren kwana biyar ya same ni ina da shagona a nan, Malam Tanko ya riga ya rasu. Lokacin ne kekunan daji na gwanjo suka fara shigowa, masu giya da ƙatuwar taya mai haƙora. Wasu ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta suka haɗa kwamiti, suka ce a riƙa fita sau ɗaya a shekara, da kaka, ruwa ya ɗauke amma rafuka ba su ƙafe ba. Daga ƙofar shagon nan ake tashi, a yi kudu ta hanyoyin gona, a bi ta duwatsun Rano, a nausa har wajen Tudun Wada, a kewayo a dawo. Kowace rana zango ɗaya, a rubuta lokacin kowa, ranar ƙarshe a haɗa. Layin tashi da na gamawa duk ɗaya ne, da toka ake ja. Ni nake zuwa wurin mai shayin kan kwana in ɗebo tokar murhunsa a kwano, in zuba ta daga wannan gefen titi zuwa wancan. A shekarun da abin yake abu, sai ka ga keke ya haura hamsin a bayan tokar nan, masu motoci sun tsaya suna kallo ba wanda yake danna oda.

Ni a babur nake bin su, a bayan na ƙarshe, da akwatin kayan aiki da wili biyu ɗaure a baya. Aikina na gaske sai an sauka yake farawa. Yawanci a makarantar firamare ta ƙauye muke yada zango, in shimfiɗa buhu a gindin bishiya tsakanin la'asar da magariba. Muna da wata al'ada da ban san wanda ya fara ta ba. Mahayi idan ya iso, zai kifa kekensa a gabana, sirdi a ƙasa taya a sama, ya wuce ba tare da ya ce uffan ba. Ba ya gaya mini abin da ya ji a hanya. Ni zan juya wili in saurara, in taɓa sarƙa, in leƙa robar birki, in gane da kaina inda ya faɗa rami da inda ya ja keken a yashi. Wanda ya tsaya yana yi mini bayani, sabon shiga ne, sai a yi ta yi masa dariya. Matan ƙauye suna kawo fura a ƙwarya da dafaffiyar gyaɗa, dattawa suna zuwa su tsuguna suna tambayar abin da ya kore mu daga birni. Masu salla su yi jam'i a filin makaranta, Kiristocin cikinmu su koma gefe su yi addu'arsu, a dawo a haɗu a tire ɗaya. Wanda ya wuce ka da safe har ka ji kamar ka jefe shi, shi ne zai matsa maka man zafi a cinya da yamma. Wallahi ina kewar wannan lokacin, ba ni da abin da nake kewa kamarsa.

A nan na san Malam Bulus. Mutumin Filato ne, yana koyar da lissafi a wata sakandare a Tarauni, gidansa yana Babban Giji. Siriri ne dogo, ba shi da gudun a-zo-a-gani. Rana ta farko za ka same shi can tsakiya, samari sun bar shi a baya suna yi masa kirarin tsoho. Rana ta biyu ma haka. Amma shi mutum ne da ya san ana kwana biyar. Ba ya tsayawa a kan feda sai dole, yana cin abinci kafin yunwa ta zo, yana shan ruwa kafin ƙishi. Rana ta uku idan cinyoyin samari suka zama itace, sai ka ga Ticha yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, yana gaishe su da sunansu. Sau huɗu yana zuwa na biyu ko na uku, bai taɓa ci ba. Ni Injiniya yake ce mini don tsokana, ni kuma in ce masa Ticha. Tun da ya fara hawa, ba wanda ya taɓa ɗaura masa wili sai ni.

Ba rana ɗaya abin ya mutu ba. Da farko kamfanin da yake ba mu lemo da riguna ya ce ya koma wajen ƙwallo. Sannan ma'aikata suka fara cewa ba a ba su hutun mako guda don hawan keke. Aka zuba kwalta a wasu hanyoyin da muke bi, suka zama na manyan motoci. Aka fara jin labarai marasa daɗi daga wajen daji, matan aure suka fara ɓoye wa mazajensu takalman tsere. Samarin da suka taso kuma suka ce su ba za su iya kwana a kan benci a ajin firamare ba, ga sauro, ga ba wutar da za a sa salula a caji, a yi musu tseren safiya ɗaya a cikin gari inda mutane za su gan su. Ban ce duk ƙarya suka faɗa ba, sauron nan na sha shi. Kekunan da ke bayan toka suka koma talatin, suka koma ashirin.

Shekarar da nake kira mummunar shekara, mutum goma sha ɗaya ne suka rubuta suna. Kwamiti ya sa rana ya ɗaga, ya sake sawa ya sake ɗagawa. Mako biyu kafin rana ta ukun da aka sa, Malam Bulus ya shigo shagon nan da sabon bakin wili na baya, mara nauyi, da ƙunshin wayoyi a cikin jarida. Ya ce bana yana jin jikinsa, kuma yana da shekara arba'in da huɗu, in bai ci bana ba to ya haƙura. Tsohon wilinsa lafiyayye ne amma nauyi gare shi, shi yake cinye shi a hawa. Na karɓa na ce ya bar mini.

Ban taɓa shi ba. Na jingine shi a bayan akwati na ci gaba da kekunan 'yan makaranta da na masu sayar da kankara, don a raina na riga na gama yanke cewa tseren nan ba za a yi shi ba. Duk wanda ya zo shago abin da yake faɗa ke nan. Idan Ticha ya biyo da yamma daga makaranta ya ɗaga mini hannu ya ce, "Injiniya, ya wilina?" sai in ce ana kai. Mutane suna cewa samari ne suka kashe tseren kwana biyar. Ni dai na san kafin su, ni na fara cire rai.

Ranar Alhamis da yamma sakataren kwamiti ya tsaya a ƙofar shagon ko sauka daga mashin bai yi ba, ya ce an samu motar da za ta ɗauki kaya, jibi Asabar za a tashi. Juma'a tun da sassafe na zauna a kan wilin, ban tashi ba sai da aka yi kiran salla, na dawo na ci gaba. Na matse, na danna, na daidaita, na sake dannawa har hannuna ya yi kanta. Kafin magariba ya tafi sak. Asabar da asuba na sauke shi, ya motsa kaɗan, na gyara. Kwana ɗaya ke nan, zare ɗaya. Na tsaya da zaren a hannu. Na san halin Ticha, idan ya ga zare ɗaya ba zai yi faɗa ba, zai mayar da tsohon wilinsa ne kawai, sannan ya dube ni ya tambaye ni abin da na yi da mako biyu. Wannan kallon ne ban so ba. Na ce wa kaina ai hannuna ya wuce na da, kuma ina tare da shi kowace yamma, duk abin da ya motsa zan kama shi. Na yanki zaren gida uku, na ɗaura duka.

Ya zo, ya tsuguna, ya ƙirga da yatsa, ya ce madalla.

Zangon farko da ya kifa keken a gabana na juya wilin, na ji yana taɓa robar birki a wuri biyu. Na gyara. Zango na biyu wuri huɗu. Zango na uku na tarar da waya biyu sun saki har suna rawa a hannu, abin da wilin da ya kwana uku ba ya yi. A ranar kuwa Ticha ya karɓe gaba, yana da ratar da ba wanda zai iya rufewa a kwana biyu. Ina zaune a kan buhu ina jin su can suna tsokanarsa, ana cewa ya fara shirya jawabi. Tsohon wilinsa yana cikin motar kaya, taku ashirin daga inda nake. Da na tashi na ce masa, Ticha, mu mayar da tsohon, da shi ke nan. Al'adarmu ta cewa mahayi ba ya magana da makanike a zango, ita na fake da ita. Na ɗaure wayoyin na yi shiru.

Rana ta huɗu, da hantsi, akwai wata gangara a bayan wani ƙauye kafin a fito Rano, duk fale-falen dutse. Ni ina baya tare da na ƙarshe, ban ga faɗuwar ba. Na tarar da shi zaune a gefen hanya ya riƙe kafaɗa, wasu manoma sun kewaye shi. Keken yana can gefe, wilin baya ya lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ina ɗaure masa hannu da rawanin wani dattijo, ya dubi fuskata, sai ya ce, "Kar ka damu kanka, Injiniya. Ni na ɗauki layin da ba daidai ba a kan dutsen. Wilinka ba shi da laifi, zare uku na gani da idona."

Na ce Allah ya kiyaye gaba.

Yana jinya na sayo bakin wili irin wancan da wayoyi masu kyau, na ɗaura masa wani. Wannan na ba shi haƙƙinsa, kwana uku cur, kowace safiya da zarenta. Da ya warke na nuna masa. Ya juya shi, ya saurara, ya ce in rataye masa, kada ya lalata shi a hanyar makaranta, sai baɗi idan za a fita. Na buga ƙusar nan na rataye.

Baɗi ba a fita ba. Shekarar da ta biyo aka yi na kwana biyu, Ticha ya ce wannan ba shi ne ba. Daga nan aka koma na safiya ɗaya, irin wanda kuka sani, a tashi bayan an karya a dawo kafin rana ta yi zafi, a tsaya a ɗauki hoto da keke a sama da kai. Ban raina gudunku ba, kuna da gudu, wasunku sun fi duk wanda na sani a da. Amma ba wanda ya taɓa tashi a cikinku da safe jikinsa yana ce masa a'a, ya hau sirdin da ya yi masa ƙurji jiya, ya san kuma gobe ma haka. Kekunanku ma sun daina buƙatata. Wili ya karkace, a jefar a sayo na kwali. Yau aikina faci ne da ɗaure birki, na koma inda na fara a rumfar Malam Tanko.

Kowace kaka, idan na ga an fara shigowa da sabuwar gyaɗa, nakan sauke wilin in goge shi, in danna, in saurara, in daidaita abin da ya motsa, in ƙara zare ɗaya. Ticha yakan biyo a tsohon wilinsa, ya tsaya ya sha ruwa, ya ɗaga kai ya dubi bango ya ce, "Yana nan?" In ce yana nan. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya masa, sai wani ya turo keke, in ji daɗin an katse ni. Shekara goma sha biyar muna haka. Furfura ta cika masa kai, kafaɗar nan kuma idan sanyi ya shigo ba ya iya ɗaga hannu ya yi rubutu a saman allo, sai dai ya fara daga tsakiya.

Bara ya zo ya zauna a kan bencin nan ya ce ya ajiye aiki, 'ya'yansa sun matsa ya koma gida, ƙarshen wata mota za ta zo ta kwashe kaya. Ya ce wilin in ba wani yaro mai ƙoƙari a cikinku. Ina riƙe da tiyub ɗin wani a cikin ruwa ina neman inda yake yoyo. Na ajiye, na goge hannu, na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce wilin da ya karya maka kafaɗa kwana ɗaya ya yi, mako biyun da ka ba ni a bayan akwati ya yi su, zare ukun da ka ƙirga a safiya ɗaya na ɗaura su. Na ce a zango na uku na san zai iya tafiya, kuma tsohon wilinka yana cikin mota, na yi shiru.

Na yi zaton zai yi faɗa, da ma ya yi da ya fi mini. Ya juya ya dubi titi. Can ya ce, "Shekara goma sha biyar ina ganin dutsen nan a kaina, ina cewa da na bi ta hagu." Ya tashi, ya tura kekensa, bai hau ba har ya sha kwana.

Kwana tara bai biyo ta nan ba. Na san hanyar gidansa, ban da fuskar zuwa. Ƙarshen wata yana matsowa, na saddaƙar haka za mu rabu, kuma ban ga laifinsa ba. A rana ta goma ina cikin cire wa wani feda, sai na ga inuwa a kaina. Ticha ne, ya saɓo keken dajinsa a kafaɗa mai lafiyar, ba wili a baya. Ya ajiye, ya ce in sauko da shi. Na sauko. Ya tsuguna da ƙyar ya ƙirga zaren, goma sha takwas, wasu sun koɗe har ba a gane launinsu. Ya ce wanne ne ukun farko. Na nuna masa, suna can ƙasa, sun yi baƙi da giris.

"Waɗannan na gaskiya ne?"

"Na gaskiya ne, Ticha."

"To sa mini. Kwana biyu suka rage mini a wancan tseren, kuma kai za ka bi ni."

Ranar Juma'a muka sa keken a saman motar haya, ni na bi a babur. Asabar da hantsi muna kan gangarar nan. Ƙauyen ya girma, an yi masa kwanon rufi da shagon caji, amma dutsen yana nan yadda muka bar shi. Ba wanda ya gane mu sai wani tsoho da ya ce ya tuna shekarun da mahaukatan birni suke wucewa a keke. Ticha ya tsaya a sama ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauka ta daidai layin da ya bi a wancan karon, bai bi ta hagu ba. Ni ina baya ina kallonsa har ya kai ƙasa. Tafiyar da a da yake yi kafin azahar, ranar sai bayan la'asar muka gama ta. Sau uku yana sauka ya tura a hawa. Sau ɗaya na matsa kusa na ce ko ya kama kafaɗata in ja shi kaɗan, ya yi mini wani kallo na koma baya.

Makarantar da muke sauka an kewaye ta da katanga, mai gadi ya ce sai da takarda. Wani mai shago ya ba mu ɗakin ajiyarsa da tabarma biyu. Na shimfiɗa buhu a gindin wata darbejiya. Ticha ya turo keken, ya kifa shi a gabana, sirdi a ƙasa taya a sama, ya wuce bai ce uffan ba. Na sa hannu na juya wilin. Yana taɓa birki a wuri ɗaya, kaɗan, daidai abin da wilin kirki yake yi bayan wuni a kan dutse. Kwatan juyi a waya biyu ya isa. Na gama cikin minti kaɗan, amma ban tashi ba, na yi ta juya shi ina saurare har aka kira magariba. Rabona da in ji daɗin sana'ata irin na yammacin nan, na manta.

Lahadi ya yi addu'arsa a bakin ɗaki muka kama hanya. Da muka shigo gari na wuce shi na yi gaba. Mai shayin da na sani ya daɗe da rasuwa, ɗansa da gas yake dafawa, sai wurin mai tsire na samo toka. Na zuba ta a ƙofar shagon nan, iya rabin titi, don motoci ba su bar ni na kai ɗaya gefen ba. Kafin ya iso 'yan adaidaita sahu sun tattake fiye da rabi. Ba kowa a wurin sai ni da mai sayar da rake. Ya taho a hankali, rigarsa ta jiƙe, ya haye abin da ya rage na tokar, wani direba yana danna masa oda yana cewa Baba a kauce. Ya sauka, ya kifa keken a gabana. Na juya. Ya tafi sak.

Ya karɓi reza a hannuna, ya tsuguna ya yanke zare goma sha biyar ɗaya bayan ɗaya, ya zuba mini su a tafin hannu, ya bar ukun farko. Ya ce a garinsu akwai duwatsun da suka fi na Rano, zai ga abin da wilin zai ce. Ranar Laraba motar kaya ta zo Babban Giji, na je na ɗaure keken da hannuna a saman katifu don kada wani abu ya danne shi.

Abin da ya bar ƙusar nan ke nan. Ban cire ta ba, kuma ba ta jaka ba ce. Kuna da ƙafa, kuna da kekunan da mu ko a mafarki ba mu gani ba, hanyar kudu kuma ba ta tafi ko'ina ba, na bi ta bara. Idan akwai wanda zai iya kwana biyar a cikinku, ko mutum uku ne, baburina yana tashi, kuma na san inda ake samun toka. Abu ɗaya kawai, ya kawo mini wilinsa da wuri. Kwana uku zai yi a ƙusar nan, kuma ranar tashi ya tsuguna ya ƙirga zaren, ya dube ni ya tambaya.